Kuɗin jama'a a hannun shugaba: tambayoyi da amsoshi kan neman tallafin ƙungiya

A arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa, Marwa har Kuseri, da wuya ka shiga unguwar da ba ta da ƙungiya: ta marayu, ta matan unguwa, ta tsofaffin ɗalibai, ta 'yan gari mazauna Yawunde da Duwala. Dukkansu kuɗi suke nema, kuma mafi yawan waɗanda suka watse, a kan kuɗin suka watse. Tambayoyin da ke ƙasa su ne shugabanni da ma'ajiyai da 'yan kwamiti suka fi yi idan maganar neman tallafi ta taso.

Ana ta cewa shugaba ya nemi kuɗi bisa manufa. Ashe ba kowace ƙungiya ce ke da manufa ba?

Kowace na da ita a takarda. Wadda ake nufi a nan ita ce wadda za ta iya hana shugaba wani abu. Idan babu aikin da ƙungiyarku za ta ce "wannan ba namu ba ne", kuma babu kuɗin da za ta mayar wa mai su, to har yanzu ba a tsai da manufa ba.

Abu uku ya kamata a zauna a yanke tun sisi bai shigo ba: su wa muke yi wa hidima, wace hidima ce takamaimai, kuma wane irin kuɗi ne ba za mu taɓa ba. Dalilin gaggauta wannan zama shi ne, idan kuɗi suka riga suka iso, su ne za su yi magana a taron.

Mun ga haka da idonmu a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru. Tun da aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013 domin 'yan gudun hijirar Najeriya, manyan ƙungiyoyin agaji suka cika Marwa, aka yi ta neman ƙananan ƙungiyoyin gida da za a yi aiki tare. An samu alheri mai yawa. Amma an kuma samu ƙungiyar da bana ta marayu ce, baɗi ta dashen itatuwa, shekarar da ke biye ta zaman lafiya, gwargwadon inda aka ji ƙamshin tallafi. Marayun da aka fara da su kuwa, babu wanda ya koma ya tambayi ko suna zuwa makaranta.

Mai nema ai ba ya zaɓe. Ta yaya ƙungiyar da asusunta ba kowa za ta ƙi kuɗi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ba na raina mai yin ta. Wanda yara ashirin ke jiran kuɗin makaranta a hannunsa, ba ƙaramin abu ba ne ka ce masa ya mayar da jaka ɗari biyar (jaka ɗaya sefa dubu ce). Sai dai Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kafin a miƙa hannu, a tambayi askin.

Ɗan siyasa ya kawo buhunan shinkafa ana gab da zaɓe, da sharaɗin a raba a ƙofar gidansa, matan kuma su ɗaura zani mai hotonsa. Attajiri ya ce zai gina rijiya, amma a gefen gonarsa, ba a unguwar da mata ke tafiya mai nisa da tulu ba. Wani jami'in aiki ya ce za a ba ku miliyan biyar, ku sa hannu a kan bakwai. Na ƙarshen nan babu shawara a cikinsa, sata ce, kuma sa hannun shugaba ne zai kasance a takardar ranar da aka zo bincike. Na farko da na biyu ana iya zama a yi magana. Sau da yawa mai bayarwa yana sauka daga sharaɗinsa idan aka yi masa bayani cikin girmamawa, domin shi ma ba ya son a ce ƙungiyar marayu ta mayar masa da kyauta.

Abin da ke sauƙaƙa wa shugaba shi ne ƙa'idar ta kasance a rubuce, kwamiti ya amince da ita tun da wuri. Sai ya ce: "Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Sai dai dokar ƙungiya ba ta bar mu mu raba kaya da sunan jam'iyya ba, ni ma ba ni da ikon canzawa." Da haka ba a ci fuskar kowa ba, kuma ba a mayar da abin rigimar mutum biyu ba.

Akwai kuma sharaɗin da mu kanmu muke ɗora wa mabukata ba tare da an tilasta mu ba: jera marayu da zawarawa a rana, a ɗauki hotonsu riƙe da ƙullin gero, a watsa a Facebook da WhatsApp. Hoton yana kawo kuɗi, gaskiya ne. Amma yarinyar nan gobe za ta je makaranta, 'yan ajinsu sun gani. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 264, ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ana iya ɗaukar hoton buhunan, da rijiyar, da ajin da aka yi wa rufi. Fuskar mutum kuwa sai da yardarsa, yardar da ya san ko ya ƙi za a ba shi rabonsa.

To daga ina za a fara nema?

Daga gida. Shugaba da 'yan kwamiti su fara zuba nasu, kowa gwargwadon ƙarfinsa, a rubuta. Sannan mambobi, sannan unguwa da kasuwa, sannan 'yan'uwa 'yan kasuwa da ke unguwar Brikiteri a Yawunde ko a Duwala. Mutum ɗari biyu da ke ba da sefa 500 duk wata sun tara jaka ɗari, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai iya juya ƙungiya shi kaɗai. Mutanenmu sun iya wannan tun daga adashi.

A lura da lokaci. Manomin auduga yana da abin hannu ne bayan an biya shi, mai albasa da masakwa bayan girbin rani, kowa kuma hannunsa ya fi sakuwa da azumi. Bukata kuwa ta fi tsanani a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da watan Satumba na komawa makaranta. Shugaba mai tsari yana tarawa a lokacin samu domin lokacin rashi.

Tallafin waje ba laifi ba ne, amma abin da ya faru a 2025 ya isa darasi. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, zuwa Yuli kuma aka rufe USAID, hukumarta ta agajin ƙasashen waje. Ayyukan da suka dogara da wannan ƙofa kaɗai sun tsaya cak, ba don wani a nan ya yi laifi ba.

Me doka ta ce? Muna da takardar rajista, ba shi ke nan ba?

Ba shi ke nan ba. Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru ita ce mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990, kuma a ƙarƙashinta ake kai takardu ofishin perefe, wato babban jami'in mulki na yanki. Ƙungiyar da ta tsaya a wannan mataki tana da ikon karɓar kuɗin mambobinta, amma dokar ta keɓe karɓar tallafin hukuma da kyauta da wasiyya ga ƙungiyoyin da gwamnati ta amince cewa na amfanin jama'a ne. Matsayin ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, kuma dokarsa daban, mai lamba 99/014 ta 22 ga Disamba 1999, kuma sai ƙungiya ta nuna aikin shekara uku aƙalla kafin ta nema. Sannan akwai dokar 1983 kan neman gudummawa daga jama'a a fili, wadda ta shar'anta izinin hukuma. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta yi aiki da ita a 2020, lokacin korona. Kafin a buga sanarwar gidauniya, shugaba ya taka ya je ofishin su-perefe, jami'in mulkin da ke ƙarƙashin perefe, ya tambaya.

Zakka da sadaka da kuɗin mambobi, ba duk asusu ɗaya ba ne?

A'a. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Malaman mazhabobi huɗu ba su yarda a gina masallaci da ita ba. Don haka wanda ya ce "ga zakkata", a rubuta ta a shafinta daban, a kai ta inda shari'a ta ce. Haka wanda ya ba da kuɗi ya ce na rijiya ne: ba a sayen kujerun ofis da su, ko da kujerun sun karye. Idan bukata ta canza, a koma wurinsa a nemi izini.

Shugaba da masu yawon karɓa, suna da haƙƙi a cikin kuɗin?

Aiki yana cin kuɗi, kuma ɓoye hakan ne ke jawo zargi. Babur yana shan mai, takarda ana buga ta da kuɗi, Orange Money da MTN suna cire ladansu, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da gwamnati ta sa kan turawa da cirewa tun Janairun 2022. Ayar zakka ma ta ambaci masu aikin tattara ta cikin masu rabo. Abin da ake bukata shi ne taro ya yanke adadin tun farko, a faɗa wa masu bayarwa: cikin kowace jaka goma, kaza na hidimar aiki ne. Wanda ya yi alkawarin cewa ko sisi ba za a taɓa ba, ko dai daga aljihunsa zai riƙa cikawa har ya gaji, ko ya fara ɗiba a ɓoye.

Kyautar da ake yi wa shugaba a gefe kuwa, hukuncinta a fili yake. Annabi (SAW) ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Shaddar da ɗan kwangilar rijiya ya aiko gida da sallah tana cikin wannan.

Yawancin mambobinmu ba sa karanta Faransanci. Ta yaya za a nuna musu lissafi?

A karanta musu da baki, da Hausa da Fulatanci. Rahoton Faransanci na hukuma ne da masu tallafin waje. Tsohuwar da ta kwance bakin zaninta ta ba da sefa 200 ita ma tana da haƙƙin jin inda suka tafi.

Ga yadda ake yi inda abin ke tafiya daidai. Ƙarshen wata, bayan la'asar, a shimfiɗa tabarmi a zaure. Ma'aji ya buɗe littafi mai layi huɗu: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Ya karanta layi-layi. Rasit ɗin kowane sayayya yana maƙale da shafinsa, ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Wani dattijo ya ce, "Malam ma'aji, simintin nan buhu nawa ne, kuma a shagon wa?" a amsa masa ba tare da ɓata rai ba. Sannan a kira saurar kuɗin da ke waya, a nuna allon kowa ya gani. Bayan taro, sakatare ya yi saƙon murya na minti biyu ya tura wa na Yawunde da Duwala.

Layin wayar da ake turo kuɗi kada ya zama na shugaba na kansa, kuma mai riƙe wayar ya zama daban da mai ba da izinin cirewa. A banki ko asusun ajiya, sa hannu biyu. Shugaban kirki shi ne ke fara neman a ɗaure shi da waɗannan, domin ranar da aka zarge shi, littafin ne zai wanke shi.

Idan aka tara kuɗi domin wani abu, sai suka kasa, ko suka yi rara fa?

Wannan ya fi faruwa a gudummawar gaggawa. A daminar 2024, da ruwa ya ci Yagwa da garuruwan bakin Logon, mutane sun yi ta turo kuɗi cikin 'yan kwanaki, kafin ma a san iyakar ɓarnar. A irin wannan hali, tun a sanarwar farko a faɗi abu biyu: ranar da za a rufe karɓa, da inda rara za ta tafi idan an samu.

Idan kuɗin sun kasa, kada a yi shiru ana jiran mutane su manta. A fito a ce: mun nemi miliyan biyu domin rufin aji uku, mun samu jaka ɗari takwas, za su rufe ɗaya. A zaɓa tsakanin rufe ɗayan yanzu, ko ajiye kuɗin zuwa bayan girbi a sake nema. Wanda kuma ya ce a mayar masa da nasa, a duba littafi a mayar masa cif, ya sa hannu a gefen sunansa.