Ma'anar Zaman Wuri Ɗaya, da Inda Ya Haɗa Wasan Gem da Nauyin Jiki

Duk lokacin da likitoci da masana lafiyar jama'a suka taso da batun ƙiba, ciwon suga ko hawan jini, da wuya su gama magana ba su ambaci zaman wuri ɗaya ba, kuma a 'yan shekarun nan ana yawan haɗa shi da wayar hannu da buga gem. Abin da suke nufi yana da iyaka tsayayya. Zaman wuri ɗaya shi ne duk lokacin da mutum yake farke, yana zaune ko a kishingiɗe ko a kwance, alhali kuzarin da jikinsa yake ƙonawa bai wuce ninki ɗaya da rabi na abin da yake ƙonawa idan yana cikakken hutu ba. Wannan ita ce ma'anar da wata ƙungiyar masu bincike ta ƙasa da ƙasa ta daidaita a kai a shekarar 2017. Barci ba ya cikin lissafin, haka ma tsayuwa. Mai tuƙa keke daga Samaru zuwa Sabon Garin Zariya a zaune yake kan sirdi, amma ba ya ciki, domin ƙafafunsa suna cin kuzari mai yawa; shi kuwa fasinjan da ke cikin bas a kan wannan hanyar yana ciki tsundum.

Mutane da yawa suna ɗaukar zaman wuri ɗaya da rashin motsa jiki a matsayin abu guda, alhali masana sun raba su. Rashin motsa jiki shi ne gaza cika adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata a ƙa'idojinta na 2020, wato minti 150 zuwa 300 a mako ga manya, da matsakaicin minti 60 kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Ɗalibin da ya buga ƙwallo awa guda bayan sallar asuba ya cika wannan adadi, amma idan ya shafe sauran yinin tsakanin bencin aji, laburare da katifarsa yana danna waya, to ya haɗa abubuwa biyu: shi mai motsa jiki ne, kuma mai yawan zaman wuri ɗaya ne. Tushen wannan tunani ya daɗe. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan, inda ya gano cewa direbobi, waɗanda suke wuni a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastoci da suke wuni suna hawa da sauka a matakala.

Shi kuwa nauyin jiki, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake kira BMI, inda ake raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita da aka ninka da kansa. Mutumin da tsayinsa ya kai mita 1.7, idan nauyinsa kilo 72 ne, zai sami kusan 25, wato yana bakin iyakar nauyin da ya wuce kima, idan kuwa ya kai kilo 87, ya shiga 30, inda ake kiran abin ƙiba a likitance. Ƙasa da 18.5 rama ce. Ga yara ba a amfani da waɗannan alƙaluma kai tsaye, sai an duba shekaru da jinsi.

A nan ne wasan gem yake shigowa, kuma a Zariya yana da fuska biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai gidan gem na unguwa, irin wanda ake gani a Tudun Wada ko bakin kasuwar Samaru: shago ɗaya, talabijin biyu ko uku, PlayStation a ƙarƙashin kowace, janareta yana ruri a ƙofa, samari sun cika benci suna jiran layi, biyu suna buga ƙwallo, sauran suna ihu da gardama a tsaye a bayansu. Akwai kuma gem ɗin waya, irin su PUBG, Free Fire da Call of Duty, wanda ake bugawa a ɗaki, a kwance, sau da yawa bayan sha biyun dare lokacin da data take araha. Dukansu biyu suna shiga ma'anar zaman wuri ɗaya ga wanda yake riƙe da abin bugawar, amma ba su yi wa jiki daidai ba.

Abin da kowa yake zato shi ne mai yawan buga gem dole ya yi teɓa. Bincike bai goyi bayan wannan zato da ƙarfin da ake tsammani ba. A 2019 wasu masana daga Jamus da Ostiriya, Caroline Marker da Timo Gnambs da Markus Appel, sun tattara bincike 20 da suka shafi mutum sama da 38,000, suka auna su tare. Sun sami alaƙa tsakanin buga gem a zaune da ƙarin nauyi, amma 'yar ƙarama ce ƙwarai, domin ba ta bayyana ko kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin nauyin da ke tsakanin mutane ba. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne a wajen manya aka ga alaƙar. A wajen yara da matasa, waɗanda su ne iyaye suka fi yi wa faɗa, ba ta fito fili ba. Har wa yau, irin wannan bincike ba ya nuna wanne ne ya jawo wanne, domin yana yiwuwa yaron da jiki ya riga ya yi masa nauyi, wanda ake yi wa dariya a filin ƙwallo, shi ne ya koma gem saboda a can ba a duba tumbinsa.

Wannan bai wanke gem ba. Ya dai nuna cewa illar ba ta cikin danna maɓalli, tana cikin abubuwan da suke biyo bayansa, kuma na farkonsu abinci ne. A 2011 Jean-Philippe Chaput da abokan aikinsa sun gwada samari 22 masu lafiya a Denmak, inda kowannensu ya buga gem awa guda a wata rana, ya kuma zauna yana hutawa awa guda a wata ranar, sannan aka ba shi abincin rana ya ci iya ƙoshinsa. A ranar gem jikinsu ya ƙona ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci yake bayarwa) kusan 20 kacal, amma sun ci ƙarin kalori kusan 80, kuma ba su ce sun fi jin yunwa ba. Adadin ba shi da yawa a rana guda, sai dai idan ya zama ɗabi'a yana taruwa. A wajenmu kuwa kowa ya san abin da ke rakiyar gem ɗin dare: indomi da ƙwai a teburin mai shayi, burodi, shayi mai kauri da madara da sukari, sai lemon kwalba, wanda rabin lita ɗaya yake iya ɗaukar sukari kusan giram 50, wato kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini.

Na biyu barci ne, kuma a ganina shi ne wanda aka fi rainawa. Ƙarancin barci yana taɓa sinadarai biyu da suke daidaita ci a jiki: yana rage leptin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, yana ƙara ghrelin, mai tayar da yunwa. Wanda ya kwanta ƙarfe uku na dare ya tashi asuba, ba zai yi sha'awar fili da yamma ba, kuma ransa zai fi karkata ga kayan zaƙi da maiƙo. Na uku shi ne abin da gem ya ture. Idan awa biyun da aka ba shi daga kallon fim aka cire su, jiki bai yi asarar komai ba, zama ne ya maye gurbin zama. Idan kuwa daga ƙwallon la'asar, langa, zuwa gona ko aike aka cire su, a nan ne lissafi yake canzawa.

Wanda ya leƙa gidan gem a Zariya zai iya cewa duk wannan maganar Turawa ce, domin galibin samarin da zai gani sirara ne. Akwai gaskiya a ciki. Yaron da ya yi tafiyar ƙasa zuwa makaranta, ya ɗebo ruwa, ya kuma ba mai shago kuɗin da aka ba shi na kalaci don ya buga wasa biyu, ba ƙiba ce take barazana gare shi ba, yana iya ma ramewa. Wanda abin ya fi shafa shi ne yaron gidan da ake kai shi makaranta a mota a ɗauko shi a mota, ga firji cike, ga sola ba a ɗauke wuta, da kuma ma'aikacin da ya wuni kan kujerar ofis ya dawo ya ɗora da waya har dare. Duk da haka kuskure ne a mai da sikeli alƙalin wannan shari'a, domin bincike ya danganta yawan zama da ciwon suga nau'i na biyu da cututtukan zuciya, kuma siririn mutum ma yana kamuwa da su. Da yake mun saba yi wa mai ƙiba kallon wanda ya sami hutu, mu kuma ɗauki siriri a matsayin wanda ba shi da matsala ta wannan fuska, mukan rasa gane haɗarin ta ɓangarorin biyu.

An yi ƙoƙarin amfani da gem ɗin kansa wajen magance matsalar zaman wuri ɗaya, ta hanyar wasannin da suke sa mutum tsalle ko tafiya, irin na Wii da ya fito a 2006 da Pokémon Go na 2016. Sakamakon bai kai yadda aka yi fata ba: wani bincike a Amurka ya nuna masu buga Pokémon Go sun ƙara taku kusan 950 a rana a makon farko, amma zuwa mako na shida ƙarin ya ɓace. Haka kuma bai dace a rikita wannan batu da jarabar gem ba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a jerin cututtuka a 2019, domin waccan magana ce ta kasa sarrafa kai har karatu ko sana'a su lalace, yawanci na tsawon wata 12, ba maganar nauyi ba.

Hukumar ba ta yanke adadin awoyin zama da za a ce an ƙetare iyaka ba, ta dai ce a rage, musamman kallon allo na nishaɗi, yayin da Kanada ta shata awa biyu a rana ga yara da matasa. Abin da masu bincike suke ƙara mai da hankali a kai yanzu shi ne tsawon zama ba tare da katsewa ba, domin tashi a ɗan taka ko na 'yan mintoci yana taimaka wa jiki wajen sarrafa sukarin jini bayan cin abinci. Ta wannan fuska gidan gem na unguwa ya fi waya sauƙi, saboda wasan ƙwallo yana ƙarewa cikin 'yan mintoci, wanda aka ci yana miƙa wa na gaba ya tashi, kuɗi yana ƙarewa, mai shago yana rufewa idan an kira salla ko man janareta ya ƙare. Wayar da ke hannun mai kwance a katifa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai caji ya mutu.