Keken zuwa aiki: tambayoyin da ake yawan yi min kan faci, sarƙa da birki

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu a wurare da yawa, toh tun daga nan mutane suka fara sauko da keken da suka rataye a zaure shekara da shekaru. Ni dama ban taɓa ajiye nawa ba, Phoenix ne, da shi nake zuwa aiki daga Rijiyar Zaki zuwa Sabon Gari safe da yamma, shi yasa a majalisa ko a wurin aiki duk wanda kekensa ya fara damunsa sai ya tare ni da tambaya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da nake faɗa musu.

Malam, kusan kullum sai na yi faci, tiyub ɗin ne mara kyau ko hanyar ce?

Kafin ka zargi tiyub ka fara matsa tayarka da babban yatsa. In ta lotsa cikin sauƙi to iska ce babu, kuma wallahi rabin facin da mutane ke yi daga nan yake. Tayar da ba ta da iska in ka faɗa rami ko ka hau bakin kwalta, rim ne ke danne tiyub ya tsinke shi, shi yasa in an ciro zaka ga ƙananan huji guda biyu kusa da juna kamar saran maciji. Duk sanda ka ga haka ba ƙusa bace, iska ce ta yi kaɗan. A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da take so, zaka ga lamba kamar 40 zuwa 65 da PSI a gabanta, wato ma'aunin ƙarfin iska, kuma tiyub ko sabo fil ne yana rage iska a hankali da kansa, don haka sau ɗaya a sati ka ƙara mata, ni ranar Juma'a da safe nake yi.

Sannan ka kula da inda hujin yake. In ta waje ne, wajen da ke fuskantar ƙasa, abu ne ya soki tayar, ƙusa ko kwalba ko ƙaya. In kuma ta ciki ne, wajen rim, to robar da ke zagaye cikin rim ta tsinke ko ta goce kan sifok yana cin tiyub ɗin, ko tsohon tiyub ka yanka ka shimfiɗa ya wadatar.

Akwai wani sati da na yi faci sau uku, duk wanda na kai wa sai ya liƙe ya mayar ya karɓi kuɗinsa, da safe in tarar ta sace. Sai wani dattijo mai gyara a gindin dogon yaro, shi ko kallon tiyub ɗin bai fara yi ba, ya zare tayar gaba ɗaya ya ɗauki tsumma yana bin cikinta a hankali har tsumman ya maƙale, ya sa filaya ya zaro ƙayar tsidau ƙarama da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ya ɗora min a tafin hannu yace ɗana ga mai laifin nan. Tun daga ranar ba a mayar min da taya sai an bi cikinta.

In ina so in yi facin da kaina fa?

Abu ne mai sauƙi, gaggawa ce kawai ke ɓata shi. Ka ɗan ba tiyub iska ka tsoma a bahon ruwa kana juyawa har ka ga inda ƙumfa ke tasowa, in babu ruwa ka kara shi kusa da kuncinka zaka ji iskar. Ka goge wurin ya bushe, ka kankare shi da samfefa ya ɗan fi faɗin facin, ka shafa sholisho siriri, sai ka dakata. Nan ne mutane ke faɗuwa, suna manna faci sholisho na jiƙe. Ka bar shi kamar minti biyar har ya daina ƙyalli, in ka taɓa gefensa ya ɗan kama yatsa amma bai biyo shi ba, sannan ka manna ka danne sosai da bayan cokali. Wajen mayarwa ka ɗan sa iska kaɗan a tiyub ɗin don kada ya naɗe, kuma ka yi ƙoƙarin tura bakin tayar da hannu, sukundireba tana yawan huda tiyub ɗin da aka gama gyarawa yanzun nan.

Wani lokacin ma ba huji bane, bawul ne. Ka sa ɗan yawu a bakinsa, in ya yi ƙumfa shi ne. Irin bawul ɗin tsofaffin kekuna akwai 'yar siririyar roba a ciki da ke tsagewa in ta tsufa, ita kaɗai zaka canza.

Kowa baƙin mai yake zuba wa sarƙa, kai kuma ance kana hanawa, me yasa?

Ina hanawa, kuma zan ci gaba da hanawa. Baƙin mai ai mai ne da inji ya gama da shi, cike yake da baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe, ga danƙo. Ka tuttula shi a sarƙa lokacin hunturu ka bi hanyar da ba kwalta, kafin kwana biyu ƙura da yashi sun manne sun zama wani baƙin kwaɓi, kuma wannan kwaɓin shi ke shiga tsakanin ƙusoshin sarƙar yana cinsu kamar ana goga samfefa, yana cin haƙoran firiwil, wato faifan tayar baya da sarƙa ke hawa, ga ɓata ƙafar wando da bakin riga, mutum ya isa ofis da tabo. Ana ganin kyauta ne a wajen bakanike amma ƙarshenta sarƙa da firiwil zaka saya tare.

Yadda nake yi: in zuba kananzir a ɗan gwangwani, in sa tsohon buroshin goge baki in wanke sarƙar ina juya feda baya, in goge da tsumma in bar ta ta bushe. Kada a wanke da fetur dan Allah, musamman a tsakar gida da ake girki. Bayan nan sai sabon man inji mai tsabta, ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ba tuttulawa ba, in juya feda sau da yawa ya shiga ciki, sannan in sake ɗaukar tsumma in goge na waje tas. Man da ke aiki na cikin gaɓa ne, na waje ƙura kawai yake kira. Man keken ɗinki ma yana yi, sai dai ba shi da kauri, ruwa ɗaya ya wanke shi, don haka da damina duk ranar da ruwa ya dake ka ka goge sarƙar ka ɗiga mata kafin ka kwanta, in ba haka ba da safe zaka ga ta yi ja da tsatsa.

Sarƙata na yawan zamewa, in na taka da ƙarfi sai ta yi tsalle.

In keken mara giya ne, irin Phoenix ko Hero ko Rali, yawanci saki ta yi. Ka kwance notocin tayar baya ka ja tayar baya kaɗan, ka tabbata ta zauna tsakiya ba ta karkata ba, ka ɗaure. In ka danna tsakiyar sarƙar ta motsa sama da ƙasa kamar rabin inci, kada ta yi ɗaurin ganga don hakan ma yana kashe boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan da taya da feda ke juyawa a kansu.

In kuma ka ja ta amma tana tsalle, to ta ƙare ne. Ari tef ɗin tela ka auna. Tsakanin kowace ƙusa da ta gaba a sarƙar keke rabin inci ne, don haka daga tsakiyar wata ƙusa ka ƙirga 24 gaba, a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In ta wuce da kamar milimita ɗaya da rabi ka canza sarƙa tun firiwil na da rai. In ta kai milimita uku, haƙoran ma sun riga sun cinye, sabuwar sarƙa ba zata zauna a kansu ba sai an canza duka.

Birkin gabana ya mutu tun bara, da na baya nake maneji, akwai matsala?

Akwai babba, kuma nan ne ba na sassauci ko da kawuna ne. Birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayar da keke, na baya in ka danne shi shi kaɗai taya ce zata ja ƙasa tana tafiya da kai. Kuma a titin Kano da mai adaidaita sahu zai ci birki a gabanka ba sigina saboda an tsayar da shi, wannan taku biyu ko ukun su ne tsakaninka da asibiti. Na sha ganin yara har da manya suna sa silifas a kan taya ko suna jan ƙafa a ƙasa, raina yana ɓaci, don robar birki na cikin abu mafi arha a jikin keke.

Ka duba robar, in tsagin da ke jikinta ya shafe ta ƙare. In ka matse hannun birki har ya taɓa kan keken to a ja waya, ko a ɗaure notin sandar in irin birkin ƙarfe ne. Robar ta sauka a kan rim daidai, kada ta taɓa taya don zata yanka gefenta. Wayar da ta fara warwarewa a canza ta kafin ta tsinke, ba ta sanarwa. Kuma kada mai ya taɓa rim ko robar, in ya taɓa a wanke da sabulu. Abu ɗaya da masu tsofaffin kekuna ya kamata su riƙe: rim na ƙarfe mai ƙyalli in ya jiƙe da ruwan sama birki kusan ba ya kamawa da farko, sai tayar ta juya ta share ruwan, don haka in ana ruwa ka fara matsawa tun daga nesa.

Ina jin ƙas ƙas duk sanda na taka feda.

Ka riƙe hannun fedar ka girgiza shi gefe da gefe. In hannu ɗaya ne ke motsi, kotafin ne, wannan ɗan ƙarfen da ke riƙe shi, ya saki ko ya cinye, a buga shi ya zauna sannan a ɗaure notin. In duka biyun ke motsi tare, boris ɗin tsakiya ne, a buɗe a wanke a sa giris. In kuma fedar kanta zaka cire ka tuna ta hagu a juye take, ɓangaren da ake ɗaure sauran noti shi ke kwance ta, mutane da yawa sun lalata zaren nan suna dannawa da ƙarfi.

Gwiwata na ciwo tunda na fara zuwa aiki da keke.

Sirdin ya yi ƙasa. Ka zauna ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai, to nan ne daidai. Sai dai a jikin ƙarfen sirdin akwai layi da aka zana, kada a zaro shi ya wuce nan.

Ina ɗaukar kaya a kariya, wani lokacin buhun masara, sifok na ta karyewa.

Keke mai taya inci 28, irin Phoenix, an yi shi da ɗaukar kaya a rai, shi yasa har yau masu itace da masu madara da masu kai kayan gwari kasuwa ba su rabu da shi ba, amma sifok aikin gayya suke yi. Ɗaya ya karye ka ƙyale, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa, sati biyu sai ka ga uku sun tafi rim ya fara rawa yana shafar birki. Ka riƙa matsa su bibbiyu da hannu lokaci lokaci, wanda ka ji ya saki ko ya karye a gyara a ranar. In zaka ɗauki nauyi ka cika tayar baya da iska, kayan su zauna tsakiya, kuma in ka zo rami ko tudun rage gudu ka sassauta, ka ɗan ɗaga jikinka daga sirdi.

Waɗannan kekunan Beljiyam masu giya fa, in saya?

Suna da sauƙin tuƙi kuma ba nauyi, in hanyarka da nisa zaka ji daɗinsu. Amma ka duba jikin ƙarfen sosai wajen haɗe-haɗen walda ko akwai tsagewa, ka tsaya ta gaba ka ga ko ƙafafun da ke riƙe tayar gaba sun lanƙwashe baya, alamar an taɓa karo da shi kenan, irin wannan ko da arha ka bar shi. Ka hau ka gwada kowace giya. Sannan ka tambayi mai gyaran unguwarku ko ana samun kayansa kafin ka biya. Giya kuma ana canza ta ne kana taka feda a hankali, ba a tsaye ba, ba kuma lokacin da kake dannawa da dukkan ƙarfinka a kan tudu ba, kuma kada a kwantar da keken ta ɓangaren giyar don ƙarfen da ke riƙe ta saurin lanƙwasa gare shi.

Me zan riƙa ɗauka a jaka, me kuma zan bar wa mai gyara?

Ƙaramin famfo da ya dace da bawul ɗinka, tiyub ɗaya na ajiya, faci da sholisho, sifana mai lamba 15 don notin taya, filaya, alanki in keken mai giya ne, da tsumma. In kana dawowa bayan magariba, fitila gaba da ja a baya dole ne, ko tocila ce ka ɗaure da roba, don direba ba ya ganin mai keke a duhu sai ya zo dab. Miƙe rim da ya karkace, buɗe boris na tsakiya da na wuya, saita giyar da ta rikice, waɗannan kai wa mai gyara, sau ɗaya a shekara bayan damina ya buɗe ya sa sabon giris ko'ina. Amma ka tsaya a wurin kana kallo kana tambaya, kuma kace ya nuna maka boris ɗin da ya ciro kafin ya zuba sababbi.