Wai mene ne gurɓatar haske?

Duk sanda aka ce gurɓatar haske sai mutanenmu su kwashe da dariya, wai mu da Nepa ke kawo wuta ta ɗauke kafin waya ta cika, ina muka ga hasken ma balle ya gurɓata. Toh ba yawan wuta ake nufi ba. Hasken fitilar waje ne da daddare wanda yake zuwa inda ba a buƙatarsa, ko ya fi ƙarfin aikin da aka sa shi, ko ya kwana a kunne ba kowa a wajen. Fitilar tsaron maƙwabci da take shigo maka ta taga har kan katifa, shi ne. Fitilun gidan mai masu kashe ido, in ka fito ka hau titi sai ka yi 'yan daƙiƙu ba ka ganin mai keke a gabanka, su ma shi ne. Sai babban, wato hasken nan da yake lulluɓe saman birni, in kana tahowa Kano ko Abuja cikin dare tun daga nesa za ka hango shi, hasken da ya tashi sama ne ya bugi ƙura da hayaƙi ya bazu, shi ke binne taurari.

A 2016 masana suka fitar da taswirar hasken dare ta duniya, sama da kashi 80 cikin 100 na mutane suna kwana ƙarƙashin irin wannan saman, a Amurka da Turai kashi 99 ne, kuma mutum ɗaya cikin uku ba ya iya ganin farin layin taurarin nan da ke ratsa sama. Singafo ce ta fi kowace ƙasa gurɓatar haske. Waɗanda kuma samansu ya fi na kowa tas, Chadi ce da Afirka ta Tsakiya da Madagaska, kun ga rashin wuta ma yana da ranarsa.

Wani zai ce taurari ne kawai, me za su ba ni. Ai ba a nan ta tsaya ba. Tsuntsaye da yawa da dare suke ƙaura, haske na ruɗa su, a watan Oktoban 2023 kusan tsuntsaye 1,000 suka mutu a dare ɗaya da suka yi ta karo da gilasan wani gini a Chicago. A New York fitilun da ake haskawa sama don tunawa da harin 11 ga Satumba, in tsuntsaye suka taru suna ta kewaya a ciki sun kasa fita sai an kashe na minti 20 sannan su samu hanya. 'Ya'yan kunkurun teku a Florida in sun ƙyanƙyashe hasken da ke kan ruwa suke bi, fitilun otal sai su ja su zuwa titi. Mu ma ai mun san abin, ka duba gindin fitilar titi bayan ruwan farkon damina, gina da sauran ƙwari sun yi ta zagaye har sun gaji sun zube, yara na kwasa a kwano, wanda ya rage da safe kaji su tsince, kuma a cikin ƙwarin nan akwai masu kai ƙurar fure daga wannan shuka zuwa waccan.

Jikin mutum ma sai ya ga duhu yake sakin sinadarin melatonin mai jawo barci, farin haske mai ratsin shuɗi irin na yawancin fitilun LED shi ya fi danne shi.

Ni abin da ke damuna, yanzu ne fa muke ta kafa fitilun sola a unguwanni da ƙauyuka, kuma da yawa farare ne fat, an karkata kansu suna kallon gidajen mutane maimakon hanya. Ba wanda ya ce a zauna cikin duhu ga ɓarayi ga 'yan ƙwacen waya, a dai sunkuyar da kan fitila ta kalli ƙasa, a sa mata murfi, a zaɓi mai ruwan ɗorawa, a sa wadda sai ta ji motsi take ƙara haske, batirin ma ya fi kai asuba. Faransa tun 2013 ta yi doka, shaguna su kashe fitilun tagogin gilashin da suke baje kaya daga ƙarfe 1 na dare, ofisoshi kuma awa ɗaya bayan mutum na ƙarshe ya tashi.