Daga katin awo zuwa yaye: waiwaye kan bibiyar ƙanjamau tsakanin uwa da jariri a Kano

A 1986 ne Najeriya ta fara sanar da ɓullar cutar ƙanjamau a hukumance, amma sai da aka yi shekaru babu wanda zai iya cewa ga iyakar yaɗuwarta. Da hukumomin lafiya suka tashi neman ma'auni, sai suka nufi wurin awon ciki, domin a nan ne ake samun mata masu ƙarfi a jika suna ba da jini ba don ciwo ya kawo su ba. Daga 1991 aka fara zaɓar wasu asibitoci a jihohi, a ɗebi ragowar jinin da aka karɓa don gwajin tunjere, a cire sunan mai shi, sannan a duba ƙwayar HIV. Ƙidayar farko ta ba da kashi 1.8 cikin 100. Adadin ya yi ta hawa har ya kai 5.8 a 2001, kafin ya sauko zuwa 4.1 a 2010.

Wannan ƙidaya ta yi wa gwamnati amfani, amma ba ta tsinana wa matar da aka ɗebi jininta komai ba. Tunda an goge suna, ko an ga cutar ba a san wadda za a gaya wa ba. Haka za ta koma gida Fagge ko Gwale, ta haihu, ta shayar. A shekarun farko ma ko an gaya mata, babu maganin da za a miƙa mata.

Likitoci sun san ƙofofi uku da cutar ke bi ta shiga jikin yaro: zaman ciki, naƙuda, da nono. In ba a yi komai ba, tsakanin yara 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye mata masu cutar za su ɗauka. A 1994 wani gwaji da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna maganin AZT na rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. A 1999 kuma aka gano a Yuganda cewa ba da maganin nevirapine sau ɗaya ga uwa a lokacin naƙuda, sau ɗaya ga jariri, yana rage shi da kusan rabi. Wannan na biyun mai araha ne, shi ya sa ƙasashen Afirka suka rungume shi. Najeriya ta fara nata shirin na hana cutar wucewa daga uwa zuwa jariri a 2002 a wasu manyan asibitoci ƙalilan, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya shiga sahu tun a shekarun farko, daga baya aikin ya bazu zuwa Asibitin Murtala da ƙananan asibitocin unguwanni, musamman bayan kuɗin PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau da aka kafa a 2003, sun fara shigowa.

Daga nan ƙidaya ta samu suna da fuska. Aka kawo manyan littattafan rajista: mata nawa suka zo awo, nawa aka gwada, nawa aka samu da cutar, nawa suka karɓi magani. Maganin ma ya yi ta sauyawa. Malawi ce ta fara, a 2011, ɗora duk mai cikin da aka samu da cutar a kan magani na tsawon rai ba tare da jiran gwajin ƙarfin garkuwar jiki ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu, Najeriya ma ta ɗauka.

Inda aka fi shan wuya a Kano shi ne batun shayarwa. Da farko shawarar ita ce uwar da ke da hali ta koma madarar gwangwani. Duk wanda ya san zaman gidan yawa ya san abin da hakan ke nufi. Mai jego lafiyayya, ga nono ya kawo, a ce ba za ta bai wa ɗanta ba? Uwar miji za ta tambaya, kishiya za ta tambaya, 'yan barka ma su tambaya. Gwangwanin kansa ya zama sanarwa. Sai wasu suka riƙa ba da nono a gaban mutane, madara a ɗaka, alhali haɗa biyun ya fi nono zalla haɗari. Ga tsadar madarar, ga ruwan da ba shi da tsafta yana jawo gudawa. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawara: uwa ta riƙa shan magani, ta ba da nono zalla wata shida, sannan ta ci gaba da shayarwa tare da abinci. Ko wannan sai da aka yi ta fama, don hana jariri ruwa a zafin Kano magana ce da kakanni ba sa saurara da daɗin rai.

Tunda shayarwa ta dawo, ba a rufe lissafin yaro ranar haihuwa. Gwajin nan na ɗiga jini da ake yi wa manya ba ya faɗin gaskiya a kan jariri, domin sinadaran kariya na uwarsa kan zauna a jininsa har zuwa wata 18. Dole sai gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta. Akan tsaga dunduniyar yaro yana da mako shida, a ɗiga jinin a kan wata takarda ta musamman, ya bushe, a aika ɗakin gwaji, a jira sakamako. Jiran ba wasa ba ne: rabin yaran da suka ɗauki cutar, in ba a ba su magani ba, ba sa kai shekara biyu. Bayan yaye kuma sai an sake gwadawa kafin a rubuta cewa yaro ya tsira.

A 2018 aka yi babban binciken gida-gida na ƙasa, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a Maris 2019: kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da cutar, jimillar masu ita a ƙasar kuwa mutum kimanin miliyan 1.9. Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci, da kashi 0.6. Mutane da dama sun ji wannan suka saki jiki. A ganina an yi gaggawa. Ƙaramin kaso a jihar da ke cikin mafiya yawan haihuwa a ƙasar nan ba jarirai kaɗan ba ne.

Kuma a 2018 ɗin ce binciken lafiyar iyali na ƙasa ya nuna cewa kimanin mace ɗaya ce cikin biyar ke haihuwa a asibiti a Jihar Kano. Da yawa suna zuwa awo, su karɓi kati saboda ko-ta-kwana, amma haihuwar a gida ake yi a hannun ungozoma. Mai cikin fari kuma takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, wataƙila a Bichi ko Rano, nesa da asibitin da sunanta yake. Wata ta ba da lambar wayar da ba tata ba, don mijinta bai sani ba, tana tsoron takardar saki. Sati shidan gwajin jariri ya zo daidai da fita arba'in, lokacin yawon gaishe da dangi, ko da yake ya dace da ranar allurar rigakafi, kuma a nan ne malaman asibiti masu lura suke kamo wasu.

Wannan ne ya sa alƙaluma biyu ke saɓawa. Littafin asibiti kan nuna kusan duk wadda aka samu da cutar an ba ta magani, kuma gaskiya ne. Ƙiyasin UNAIDS kuwa, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, yana lissafawa da dukkan masu cikin da ake zaton suna da cutar, har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar asibiti ba, shi ya sa a 2020 ya nuna yara kimanin 21,000 sun ɗauki cutar a Najeriya, kusan ɗaya cikin bakwai na duk duniya. Kafin a tabbatar wa ƙasa ta kawar da matsalar, kamar yadda aka yi wa Kyuba a 2015, sai kashi 95 cikin 100 na masu ciki sun je awo, an gwada kashi 95, an kuma bai wa kashi 95 na masu cutar magani.

Kano ta ɓullo da tata dabarar ta ƙofar aure. Tun auren zawarawa da Hisba ta fara a 2012 ake gindaya sharaɗin gwaji, sannan a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin HIV, ciwon hanta da sikila kafin ɗaurin aure. Mataki ne mai kyau, sai dai takardar tana shaidar ranar da aka yi gwajin ne kaɗai. Mace na iya ɗaukar cutar tana da ciki ko tana goyo, kuma sabon kamu ne ya fi saurin wucewa ga yaro, saboda ƙwayar na da yawa a jini a makonnin farko. Dalilin ke nan da ake so a sake gwada mai ciki a watannin ƙarshe ko a ɗakin haihuwa, ko da gwajin farko ya fito lafiya.

A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje don sake dubawa, abin da ya girgiza asibitocin da suka dogara da PEPFAR. Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magunguna. Amma bibiya ba ƙwaya kaɗai ba ce. Akwai sinadaran injin PCR, da mai babur ɗin da ke kai jini ɗakin gwaji, da ma'aikacin da ke shigar da bayanai a kwamfuta, da uwar da ta taɓa bin wannan hanya wadda ake ba ɗan alawus don ta bi sawun wadda ta daina zuwa. Akasarin waɗannan da kuɗin masu ba da tallafi aka saba biyan su, kuma hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, a Abuja da takwararta ta Jihar Kano ne za su nemo musu gurbi a kasafin kuɗi.