Waiwaye: farin da ke cikin hoton mama

Tun watan Satumbar 2024 doka ta wajabta wa cibiyoyin ɗaukar hoton mamogiram (hoton mama na neman sankara) a Amurka su sanar da kowace mace ko naman mamanta mai cunkoso ne, wato mai yawan jijiyoyin nono da tsoka, wanda ke fitowa fari a hoto. Gardama kuwa ta kaure. Wasu na cewa haƙƙinta ne ta sani, wasu na cewa an tayar wa kusan rabin matan da suka haura shekara 40 hankali ba tare da an gaya musu abin yi ba. Wanda ya tsinci zancen a tsakiya sai ya ɗauka jiya aka gano abin.

Alaƙar homon (sinadaran da ke sarrafa ayyukan jiki, cunkoson ma suna taɓa shi) da sankarar mama tsohon labari ne. A 1896 George Beatson, likitan fiɗa a Gilasgo, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mai cutar ƙwayayen mahaifa, ƙarin ya lafa. A 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka bayan an ga haɗin homon na istirojin da furojestin da ake bai wa matan da suka daina al'ada yana ƙara haɗarin cutar. Waɗannan an sha ba da su.

Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne John Wolfe, likitan hoto a Ditiroit. A 1976 ya kasa hotunan mama gida huɗu, daga mai yawan kitse, wanda ke fitowa duhu, zuwa mai cike da jijiyoyin nono da tsokar da ke riƙe su, wanda ke fitowa fari. Ya ce sankara ta fi kama masu farin. Ba a ɗauki maganarsa da nauyi ba, kuma masu sukar suna da hujja: ƙari ma fari yake fitowa, to kamar neman ƙwayar shinkafa ne cikin auduga. Suka ce cutar tana nan tun farko, farin ne ya ɓoye ta. Lissafin Wolfe ma ya zarce gona da iri. Amma a ganina nan aka yi sake, domin an mayar da cunkoson matsalar hoto kawai, aka bar tambayar abin da ke haifar da shi a jiki.

Amsar ta zo a hankali. Gado na da babban kaso, homon kuma na juya shi: yana raguwa bayan haihuwa da bayan daina al'ada, haɗin istirojin da furojestin na ƙara shi, maganin tamoksifen mai toshe aikin istirojin na rage shi. (Ba girman mama ba ne, hannu ma ba ya gano shi.) A 2007 binciken Norman Boyd a Kanada ya nuna cewa wadda cunkoson ya kai kashi 75 cikin ɗari na mamanta, haɗarinta ya ninka na wadda nata bai kai kashi 10 ba fiye da sau huɗu. Ɓoyewar gaskiya ce, haɗarin ma gaskiya ne. Jihar Konetikat ta Amurka ta fara dokar sanarwa a 2009, shekara 33 bayan Wolfe.