Moneyball: kalmar da masu sharhin ƙwallo suka ara ba su tambayi ma'anarta ba

Ran nan ina cikin adaidaita sahu, direba ya ƙure rediyo, na ji wani mai sharhi yana cewa wata ƙungiyar Ingila ta yi Moneyball saboda ta zuba maƙudan kuɗi ta kwaso 'yan wasa. Abokin hirarsa ya katse shi, wai ba haka ba ne, Moneyball sayen ɗan wasa ne da araha. Na farkon ban ga laifinsa sosai ba, ya ji sunan kuɗi da sunan ƙwallo a cikin kalmar ya haɗa. Na biyun ne ya ba ni haushi, don ya zo gab da gaskiya sannan ya baude, kuma fassararsa ce yanzu ta cika Facebook.

Kalmar ba daga ƙwallon ƙafa ta fito ba. Sunan littafi ne da Michael Lewis ya fitar a 2003, aka mayar da shi fim a 2011, kan ƙungiyar besbol ta Oakland Athletics a Amurka da babban manajanta Billy Beane, wanda aikinsa saye da sayar da 'yan wasa ne. Bayan kakar 2001 manyan 'yan wasanta uku suka tafi inda ake biya da tsoka. Jason Giambi kaɗai, New York Yankees ta ba shi dala miliyan 120 na shekara bakwai. A 2002 albashin duk 'yan wasan Oakland bai wuce kusan dala miliyan 40 ba, na Yankees kuwa ya ninka wannan sau uku.

Sai na ɗan yi bayanin wasan, in ba haka ba maganar ba za ta zauna ba. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin dukanta da kulki ya ruga tasha ta farko. Wanda ya kewaye tashoshi huɗu ya ci maki. Kowace ƙungiya tana da fita 27 a wasa, wato sau 27 da za a iya fitar da mai bugunta, in suka ƙare shi ke nan. Amma akwai wata hanyar isa tashar farko ba tare da bugu ba: idan mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, mai bugu kuma ya kame hannunsa bai kai duka ba, sai ya taka a hankali zuwa tasha, kyauta. Shekara da shekaru ana yi wa mai bugu kuɗi ne da yawan bugunsa, wannan tafiyar kyauta ba ta cikin lissafin, ana ganin kuskuren mai jifa ne kawai. Alhali wanda ya isa tasha ya isa, ko da gudu ko da tafiya, kuma bai cinye wa ƙungiyarsa ko ɗaya daga cikin 27 ɗin nan ba.

A nan Scott Hatteberg ya shigo. Mai tare ƙwallo ne a bayan mai bugu a Boston, jijiyar gwiwar hannunsa ta samu matsala har jifa ya gagare shi, kasuwa ta yi watsi da shi. Oakland ta duba alƙalumansa ta ga mutum mai haƙuri, wanda ba ya kai duka ga jifan banza. Ta ɗauke shi a kan ƙasa da dala miliyan 1, ta koya masa tsaron tashar farko, wurin da bai saba ba. A wannan kakar, cikin kowane zuwa 1,000 gaban mai jifa yana isa tasha sau 374. Bai kai Giambi ba, ko kusa, amma a duba tazarar albashinsu. Oakland ta ci wasa 103 a kakar, daidai da Yankees, ta kuma jera nasara 20 ba faɗuwa, kuma Hatteberg ne ya buga bugun da ya kawo ta 20 ɗin.

Arha ai ba ta da wuya, kowa na iya sayen gurgun rago da arha. Abin da Beane ya yi ya fi kama da na mahauci a kasuwar dabbobi gab da babbar sallah: jama'a na rububin rago mai murɗaɗɗen ƙaho da farin gashi, shi kuwa yana laluben gadon baya da cinya, don nama zai sayar. Moneyball shi ne ka gano abin da ke kawo nasara wanda kasuwa ba ta yi masa kuɗi daidai ba, ka saye shi kafin a farga. Ɗan wasan dala miliyan 30 ma yana iya shiga ciki, matuƙar amfaninsa ya fi farashinsa.

Tunanin ma ba Beane ya ƙirƙiro shi ba. Bill James, wanda yake gadin dare a wata masana'antar waken gwangwani a jihar Kansas, ya fara buga irin wannan lissafi da kuɗin aljihunsa tun 1977, manyan wasan suna yi masa kallon mai surutu.

Abin da masu sharhinmu ba sa faɗa shi ne, dabarar tana cinye kanta. Da littafin ya fito, kowa ya gane darajar mai isa tasha, farashinsa ya tashi, garaɓasar ta ƙare. Masu kuɗi suka ɗauki nasu masanan lissafi. Boston Red Sox ma tun ƙarshen 2002 ta ɗauki Bill James aiki, ta ci kofi a 2004 bayan shekara 86 tana jira. Yau kowace ƙungiya tana da ma'aunin da ke ƙiyasta nasara nawa ɗan wasa ya ƙara mata fiye da wanda za a ɗauko daga benci, da shi ake ciniki, kuma da irin wannan lissafin aka kai ga ba ɗan wasan besbol Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15 a ƙarshen 2024. Lissafin da talaka ya fake da shi ya koma hannun attajiri.

Ni dai ina ganin an zuzuta labarin fiye da kima. Oakland ta 2002 tana da Miguel Tejada, wanda aka zaɓa gwarzon rukuninsu a shekarar, da Barry Zito, gwarzon masu jifa, ga Tim Hudson da Mark Mulder. Waɗannan tun suna matasa ƙungiyar ta zaƙulo su ta raine su, kuma da su aka ci yawancin wasannin. Duk da haka Minnesota Twins ta fitar da Oakland a zagayen farko na neman kofi.

Yadda kalmar ta iso rediyonmu kuwa ba abin mamaki ba ne: John Henry, mai Red Sox, kamfaninsa ya sayi Liverpool a 2010, sannan ga Brentford da Brighton, waɗanda masu su suka yi suna da aiki da alƙaluma. Sai dai besbol wasa ne na mutum ɗaya gaban mutum ɗaya, wasa 162 a kaka, kowane jifa a rubuce. A ƙwallon ƙafa mutum 22 ne ke motsi lokaci guda, kuma raba wa kowa kasonsa na nasara ya fi wuya nesa ba kusa ba. Kafin mai sharhi ya sake kiran wani ciniki Moneyball, ina so ya fara gaya mana wane abu ne ƙungiyar ta gani a jikin ɗan wasan wanda sauran ba su yi masa kuɗi ba.