Paul Chambers, Makaɗin Da Ya Riƙe Jaz Daga Baya: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa sauraron faifan Kind of Blue na mai busa turampet Miles Davis ya riga ya ji Paul Chambers, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Shi ne mai kaɗa bes, mai kakkauran sautin nan da ke buɗe kiɗan farko. Shekara 33 kawai ya yi a duniya, amma cikin shekara goma sha huɗu da ya yi yana aiki a New York ya sa hannu a ɗaruruwan faya-fayi, kusan dukkansu da sunan wani a bango. Na daɗe ina jin cewa ba a ba mutumin nan haƙƙinsa ba, shi ya sa na tattara tambayoyin da mai sha'awar jaz zai iya yi a kansa.

Wane irin abin kiɗa ne wannan bes ɗin da yake kaɗawa?

Ka ɗauko goge a zuciyarka, ka yi masa jiki na katako, ka ƙara masa girma har ya kai tsawon namiji tsayayye. Tsirkiyarsa huɗu, kowace kauri gare ta, kuma a zamanin Chambers da hanjin dabba ake murza su. A tsaye ake kaɗa shi, a jingina shi da jiki, hannun hagu yana danne tsirkiya a wuya, yatsun dama suna fizgarta. Babu wata alama a wuyan da za ta nuna maka inda za ka danna. Kunne da sabo ne kawai jagora, in ka kauce da faɗin ƙwayar shinkafa sauti ya karkace. Ana kuma iya goga shi da baka mai izga, kamar dai yadda ake yi wa goge.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a shekarun 1950 akasari ba a jona shi da na'urar ƙara sauti. Ga mai ganguna yana zuba, ga masu busa biyu ko uku, shi kuwa mai bes da ƙarfin yatsunsa zai sa a ji shi har ƙarshen ɗaki. Sabon shiga sai yatsunsa sun yi bororo, sun fashe, sun yi kanta kafin ya zauna daram a wannan sana'a.

Aikinsa a jaz kuwa shi ne abin da makaɗan ke kira tafiya. Kowane bugu guda na kiɗan, sauti guda, huɗu-huɗu, ba tsayawa, kamar takun mutumin da ya san inda za shi. Da wannan takun yake riƙe lokaci, kuma da sautukan da yake zaɓa yake gaya wa mai busa inda kiɗan ya kwana da inda ya dosa. Ba a rubuce suke ba. Nan take yake ƙirƙirar su.

Me ake nufi da cewa shi makaɗin rakiya ne?

A jaz akwai jagora, wanda kamfani ya yi yarjejeniya da shi, wanda hotonsa ke bangon faifai. Sauran duk 'yan rakiya ne: a kira ka, ka zo da kayanka, ka yi kiɗa, a biya ka kuɗin zaman ranar, ka tafi. Yau kana bayan wannan, gobe kana bayan wancan. Sau da yawa sai a cikin sutudiyo za ka fara ganin kiɗan da za a naɗa. Saboda haka wanda ake yawan kira shi ne mai saurin kamawa, mai kunne, wanda in yana bayanka hankalinka kwance. Chambers ya zama irin wannan tun bai cika ashirin da biyu ba.

Daga ina ya fito?

An haife shi a Pittsburgh, jihar Pennsylvania ta Amurka, ranar 22 ga Afrilu 1935. Bayan rasuwar mahaifiyarsa ya koma Detroit, birnin masana'antun mota, inda baƙaƙen fata da yawa daga kudancin ƙasar suka yi ƙaura neman aiki. Da kayan busa ya fara a makaranta, har da ƙaton ƙahon nan da ake kira tuba, kafin ya koma bes wajen 1949. Daga 1952 ya ɗauki darasi a wurin wani makaɗin ƙungiyar kiɗan gargajiyar Turai ta birnin, yana kuma karatu a makarantar Cass Tech. Can ya goge a sarrafa baka da karatun rubutaccen kiɗa.

Detroit ta wancan lokaci rijiyar makaɗa ce. Kenny Burrell mai jita, Tommy Flanagan da Barry Harris masu fiyano, Donald Byrd mai turampet, Curtis Fuller, da amininsa Doug Watkins wanda shi ma bes yake kaɗawa, duk nan suka taso, suna haɗuwa a gidajen rawa da ɗakunan juna. Mai busa saksafon Paul Quinichette ne ya ɗauke shi a tawagarsa, ta haka ya isa New York. Bai daɗe ba ya yi aiki da George Wallington, da kuma J.J. Johnson da Kai Winding.

Yaya zamansa da Miles Davis ya kasance?

A 1955 Miles ya haɗa ƙungiyar mutum biyar: shi da turampet, John Coltrane da saksafon, Red Garland a fiyano, Philly Joe Jones a ganguna, sai Chambers, ɗan shekara ashirin, ƙaraminsu duka. Ya zauna har 1963. A cikin waɗannan shekaru takwas a kujerar fiyano Garland ya tafi, Bill Evans ya zo ya tafi, Wynton Kelly ya zo. Philly Joe ya bar wa Jimmy Cobb kujera. Mai saksafon Cannonball Adderley ya shigo ya fita. Coltrane ma ya kama gabansa a 1960. Mai bes bai motsa ba. Miles mutum ne da ba ya jinkirin sauya makaɗi, don haka wannan daɗewar kaɗai ta isa shaida.

Akwai labarin da nake so ƙwarai daga farkon zaman. Miles ya samu yarjejeniya da babban kamfanin Columbia alhali kamfanin Prestige na bin sa faya-fayi. Don ya sauke nauyin, sai ya kwashi mutanensa zuwa Hackensack a jihar New Jersey, wurin Rudy Van Gelder, wani likitan tabarau da ke naɗar kiɗa a falon gidan iyayensa. Zama biyu suka yi, 11 ga Mayu da 26 ga Oktoba 1956. Suka yi ta zuba kaɗe-kaɗen da suka saba yi kowane dare a gidan rawa, akasari ɗauka ɗaya ba maimaici. Daga nan aka fitar da faifai huɗu: Cookin', Relaxin', Workin' da Steamin'. A Relaxin' har maganganunsu na tsakanin kiɗa ana ji. Ka saurari yadda Miles ke busawa a hankali, yana barin gurbi mai faɗi tsakanin jimla da jimla. Abin da ya ba shi damar yin shiru haka shi ne akwai wanda ke tafe a ƙarƙashinsa, bai fasa taku ba.

Yana nan kuma a manyan ayyukan da Miles ya yi da mai tsara kiɗa Gil Evans: Miles Ahead, Porgy and Bess da Sketches of Spain.

Me ya sa ake yawan ambaton buɗewar "So What"?

Saboda a nan aka juya tsari. A al'adar jaz masu busa ne ke rera jigon kiɗa, mai bes yana baya. A "So What", kiɗan farko na Kind of Blue, bayan 'yar gajeriyar shimfiɗa da fiyano da bes suka yi a hankali, sai Chambers ya ɗauko jigon da kansa: jimla mai hawa, kamar mai tambaya. Fiyano ya amsa da sauti biyu. Ya sake, aka sake amsawa. Can sai masu busa uku, Miles da Coltrane da Cannonball, suka shigo cikin amshin. Wanda ya saba jin zabiya da 'yan amshinta zai gane tsarin nan take. Bambancin kawai, a nan wanda aka saba gani a sahun baya shi ke bayarwa, manyan gida suna karɓa.

Da jigon ya ƙare, wajen minti ɗaya da rabi, Jimmy Cobb ya doki farantin ƙarfensa, Miles ya shigo, Chambers ya koma taku. Kiɗan ba shi da yawan sauye-sauye: dogon zango a ma'aunin sauti guda, a ɗan ɗaga kaɗan, a dawo. Wannan ya fi wuya ga mai bes fiye da yadda ake zato, domin babu abin da zai ɓoye a bayansa, dole ya yi ta samo sababbin hanyoyi a fili guda ba tare da ya gundure ba. Na sha mayar da wannan wuri baya don in bi shi shi kaɗai, kuma har yau ban ji inda ya yi taku na kasala ba.

An naɗi faifan a zama biyu a sutudiyon Columbia da ke titi na 30 a New York, wani tsohon coci ne da aka mayar. Na farko 2 ga Maris 1959, na biyu 22 ga Afrilu, ranar da Chambers ya cika shekara 24. A 2019 aka tabbatar faifan ya kai kwafi miliyan biyar a Amurka kaɗai.

Ban da Miles, su wa ya raka?

Kusan a ce wa ya rage. Yana cikin Tenor Madness na Sonny Rollins a 1956, da Blue Train na Coltrane a 1957, da Cool Struttin' na Sonny Clark a 1958, da Soul Station na Hank Mobley a 1960, da The Blues and the Abstract Truth na Oliver Nelson a 1961. A Janairun 1957, ƙungiyar Miles na Los Angeles, sai aka ari Garland da Chambers da Philly Joe aka haɗa su da mai saksafon Art Pepper, aka kuma sa wa faifan suna Art Pepper Meets the Rhythm Section, wato haɗuwarsa da 'yan riƙon kiɗa. Ba a ma buƙaci faɗin na wa ba, kowa ya san su.

Makonni biyu bayan kammala Kind of Blue, a farkon Mayu 1959, ya shiga sutudiyo da Coltrane suka yi Giant Steps. Faifai biyun nan kamar gabas da yamma suke: ɗaya fili ne shimfiɗaɗɗe, ɗayan kuwa sauyi ne kan sauyi a guje, har mai fiyano Tommy Flanagan sai da ya yi ta lalube. Mai bes guda ne a duka biyun. A ƙarshen Giant Steps Coltrane ya sa kiɗan da ya kira "Mr. P.C.", haruffan farko na sunan Paul Chambers. Kiɗa ne mai gudu, sama da bugu ɗari biyu a minti, kusan minti bakwai, kuma wanda aka yi dominsa yana nan a baya yana taku. A ganina Coltrane ya san abin da yake yabawa. Sonny Rollins ma ya yi "Paul's Pal", Red Garland ya yi "The P.C. Blues".

Shi bai yi nasa faifan ba?

Ya yi kaɗan. Akwai Chambers' Music da Whims of Chambers na 1956, da Go na 1959, da 1st Bassman na 1960. Wanda ya fi fice shi ne Bass on Top na kamfanin Blue Note, 1957, tare da Kenny Burrell da Hank Jones da Art Taylor. Ya buɗe shi da "Yesterdays", yana goga bes da baka. Kafin shi Jimmy Blanton na ƙungiyar Duke Ellington ya nuna cewa bes na iya rera jimla kamar abin busa, Slam Stewart kuma ya shahara da gogawa yana bi da murya. Abin da Chambers ya ƙara shi ne ɗauko saurin jimlolin salon bibop na su Charlie Parker ya zuba su ta baka. Sautin yana da ɗan kaushi, wasu ba sa sonsa. Ni kam wannan kaushin ne ke kama ni, yana da kamar muryar dattijon da ke magana ƙasa-ƙasa.

Ya samu dukiya da duk wannan aiki?

Tsarin bai ba da wannan damar ba. Ɗan rakiya kuɗin zama ake ba shi bisa ma'aunin ƙungiyar ƙwadagon makaɗa, shi ke nan. Ko faifai ya sayar da dubu ko miliyan, kason ciniki na jagora ne da kamfani da wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai kiɗan. Layukan da mai bes ya ƙirƙira nan take, waɗanda ɗalibai ke kwafa a takarda suna haddacewa har gobe, ba a lissafa su a matsayin abin da ya tsara. Wannan na daga dalilan da suka sa irin su Chambers ke fita daga sutudiyo da yamma su wuce gidan rawa su kai asuba.

Yaya rayuwarsa ta ƙare?

A 1963 ya bar Miles, shi da Wynton Kelly, Jimmy Cobb ya biyo su, suka zama ƙungiyar mutum uku. Wanda ya gaje shi a wurin Miles shi ne Ron Carter, shi ma ɗan makarantar Cass Tech. Chambers da Kelly da Cobb suka raka mai jita Wes Montgomery a Smokin' at the Half Note na 1965, faifan da masu jita ke ɗauka kamar littafin karatu.

Amma jiki ya riga ya fara gazawa. Tun yana saurayi ya faɗa shan barasa da ƙwayar hiroyin, annobar da ta cinye makaɗan jaz da yawa na zamanin. Kasuwar jaz kuma ta ja baya a ƙarshen shekarun 1960, matasa sun koma wasu kaɗe-kaɗen. Tarin fuka ya kama shi, ya rasu a New York ranar 4 ga Janairu 1969. Cutar nan ce ta ɗauke Jimmy Blanton a 1942 yana ɗan shekara 23. Amininsa Doug Watkins ya riga shi a haɗarin mota a 1962, Coltrane a 1967, Wes a 1968, Kelly kuma ya bi bayansa a 1971. Duk cikinsu babu wanda ya kai hamsin. Abin yana taɓa ni duk sanda na jera shekarun nan.

Wanda bai taɓa kula da shi ba, ta ina zai fara?

Kada ka saurara ta lasifikar waya, ba ta fitar da kakkauran sauti, za ka ji kamar babu shi. Ka sa abin kunne mai kyau. Fara da "So What", ka bi shi shi kaɗai har ƙarshe, ka ƙyale masu busa. Sai ka ɗauko Relaxin', ka ji yadda yake fara wasu kaɗe-kaɗen da taku biyu-biyu a ƙarƙashin Miles, sa'annan ya buɗe zuwa huɗu-huɗu in Coltrane ya shigo, ɗakin gaba ɗaya ya ɗaga. Daga nan "Mr. P.C.", ka gwada bin takunsa da ƙafarka ka ga minti nawa za ka jure. "Yesterdays" kuwa ka bar shi sai dare, in gida ya yi tsit.